Don Girman Allah Kada Ku Turo Mana Injiniyanku

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Kamfanin Rugugi, masu ƙera kayan sauti, jagoran masu girgiza bangon bayin Allah, Allah Ya ƙara wa kunnuwanka lafiya.

Bayan gaisuwa, da fatan kana kwana a unguwar da ba a san kayanku ba, ina neman izinin gabatar da kaina. Ni matar wani tsohon ma'aikacin awon filaye ce. Muna haya a saman bene tun ina amarya, a nan na haifi 'ya'yana, daga nan na aurar da su. Mai gidan wata dattijuwa ce da ke zaune a ƙarƙashinmu, muna ce mata Hajiya. Ita ta riƙe hannuna a haihuwar fari, kuma ko kallon banza bai taɓa haɗa mu ba, sai da Abban yara ya yi ritaya ya shigo mana da baƙin akwatinku. Mai shagon da ya sayar masa ya ce sunansa wufa, aikinsa fitar da kakkaurar murya, irin gurnanin nan da ƙirji ke ji kafin kunne. Ga 'yan koke-kokena, in ba za su takura maka ba.

Na ɗaya. Littafin da kuka haɗo da akwatin ya ce, in ana neman inda ya fi dacewa a ajiye shi, a ɗora shi a kan kujerar da mutum ke zama, a kunna kiɗa, sannan mutumin ya bi falo da rarrafe yana saurare. Ranka ya daɗe, kujerar Abban yara ko ni ba na zama a kai, amma akwatinku ya hau ya harɗe, mai kujerar yana ƙasa da gwiwoyinsa masu ciwon sanyi. Ana cikin haka mijin 'yarmu ya yi sallama ya zo gaisuwa. Yaro mai kunya, ya ga surukinsa a ƙasa, ina shi ina tsayuwa? Ya zube. Abban yara ya matsa gaba, shi ma ya matsa don ya isar da gaisuwarsa. Haka suka zagaye teburin falo, ɗaya yana cewa mun same ku lafiya, ɗaya yana cewa yi shiru ka ji nan wajen. Shin wanda ya rubuta shafin nan yana da suruki kuwa?

Na biyu. Bayan duk wannan wahala, wurin da rarrafen ya nuna shi ne tsakiyar ƙofar banɗaki. Na ce sai dai a zaɓa, ko kiɗa ko alwala. Aka mayar da akwatin kusurwar falo, wadda take daidai saman gadon Hajiya. Ita ma kujerar ba ta motsi, don nan ne kawai ake ganin talabijin kuma iskar taga ke zuwa. Daga baya mai shago ya yi mana bayani cewa irin wannan sauti yana taruwa a kusurwa ya ratsa daɓe, amma akwai wurare a tsakar ɗaki da yake ɓacewa ɗungum. To kujerar mijina a irin wurin take. Yana zaune ba ya jin komai, sai ya ƙara murɗawa. A ƙasa kuwa haƙoran robar Hajiya suna kaɗawa a cikin kofi. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Me ya hana ku rubuta wannan a jikin kwali, da manyan baƙaƙe kamar yadda kuka rubuta sunanku?

Na uku. Kun jera abubuwan murɗawa a bayan akwatin: na ƙarfin murya, na iyakar inda zai karɓi aiki daga ƙananan lasifikoki, da wani ɗan makunni da ake turawa hagu ko dama, wanda har yau ba a samu mai jin bambancinsa ba. Ba ku san wa kuka sayar wa ba. Mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana awon gonakin mutane, kun ba shi abin awo a falonsa. Ya fito da tsohon tef ɗinsa na awo, ya auna daga bango zuwa akwati, daga akwati zuwa kunnensa. Ni ce mai tsayawa a baya ina murɗawa, shi yana zaune ido rufe yana cewa ƙara kaɗan, a'a rage, a'a mayar inda yake. Girkina ya ƙone a wannan hidima ba sau ɗaya ba.

Na huɗu. Wata rana akwatin ya kama wani kuka mai kama da na ƙudan zuma, ko ba a sa kiɗa. Littafinku ya ce a cire kayan wutar gida ɗaya bayan ɗaya har a gano mai laifi. Aka fara da firjina. Aka manta da shi a cire, sai wari ne ya tuna mana. Mai laifin ashe wayar eriyar talabijin ce. Sai kuma wata karkarwa ta ɓullo, ya kwance bayan akwatin, ya leƙa ramin iska da tocila, ya ɗaure kowace ƙusa. Na gaya masa tun farko farantaina ne ke rawa a cikin kabad, ya ce ai littafi bai ambaci faranti ba.

Na biyar, kuma shi ne ya sa na ɗauki biro. Wata la'asar Hajiya na kishingiɗe, hoton marigayi mijinta ya zamo daga bango, gilashin ya tarwatse. Ta hawo benen da ta daɗe ba ta hawa, tana haki, hoton a hannunta. Ba ta ɗaga murya ba. Ta dube ni ta ce, 'yar nan, na riƙe ki kamar na haife ki, amma hawan jinina ba zai iya da wannan aljanin ba, ku nemi wani wuri kafin ƙarshen wata. Na yi kuka ranar, ba zan ɓoye maka ba. Abban yara kuwa ya rantse tsakaninsa da Allah abin ko tashi bai yi sosai ba, kuma gaskiyarsa ya faɗa, don daga kujerarsa haka yake.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Washegari ina share ƙura a bayan akwatin, na zare siririyar wayar da ke kawo masa sauti, na cusa ta ƙarƙashin kafet. Wayar wuta na bar ta, don shuɗiyar fitilar da ke gaban akwatin ta ci gaba da haske. Abban yara ya dawo, ya kunna kiɗa, ƙananan lasifikokin suka ɗauka, ya taɓa wani abu a bayan akwatin ba tare da ya leƙa ba, ya zauna ya rufe ido. Can ya yi murmushi ya ce, yauwa, yanzu ya zauna daidai. Ya buɗe littafinku ya karanta mini inda kuka ce wufar da aka saita da kyau ita ce wadda ba a lura da ita, sai ta ɓace a cikin kiɗan. Na ce lallai ta ɓace. A nan kam dole in yaba muku, ban taɓa ganin kayan da ya cika alkawarin masu shi ba kamar naku in an cire shi.

Hajiya ta janye maganarta, da sharaɗin in ta sake jin dum guda ɗaya, ko sallama ba sai mun yi ba. Abokan Abban yara suna zuwa saurare, kowa ya gyaɗa kai ya ce wannan aiki ya yi, don ba mai son a ce kunnensa ne bai waye ba.

To sai ga saƙonku, cewa saboda karamcinku za ku turo injiniya ya duba mana akwatin kyauta. Abban yara har ya ba da wankin babbar rigarsa. Ranka ya daɗe, na roƙe ka da girman iyayenka ka riƙe wannan alheri. In kuwa dole sai an zo, a zaɓo mai aure, wanda ya taɓa zaman haya, a ce masa ya tsaya daga gaba, ya rufe ido, ya gyaɗa kai, ya sha ruwa ya tafi. Kada ka damu da cewa na rubuta wannan a fili. Tun da akwatinku ya shigo, mijina bai karanta komai ba sai littafinku.

Abu ɗaya nake nema daga kamfaninku mai albarka. Shuɗiyar fitilar nan ta fara ƙyaftawa. Ita ce ke riƙe da aurena da muhallina, don haka a aiko mini da wata, a cikin ambulan marar tambari, a ba wa Hajiya a ƙasa. Ta san komai, ita ta ce ma in nemi guda biyu.

Taka mai biyayya har ƙasa, amma ba da rarrafe ba,

Matar Mai Awo,
ta saman bene.