Yadda Za Ka Gano Lambar Zamanka a Rumbun Bayanai Ta Hanyar Ihun Mutane

Kai mai kula da saba, wato babbar kwamfuta, a ofishin ƙungiyar manoma nan Zuru, rumbun bayanai ya cushe, oga ya ce ka rufe duk zaman ma'aikaci da ya maƙale a cikin rumbun, kai kuwa ba ka san wanne ne naka ba. Kwantar da hankalinka. Bi matakan nan, kafin azahar za ka sani, duk ofis ma za su sani.

1. Kada ka tambayi rumbun
Duk wanda ya shiga rumbun, lamba ake ba zamansa. Layin umarni ɗaya tak za ka rubuta wa kwamfuta, rumbun ya faɗa maka taka. Kul! Aikin da aka gama cikin minti ɗaya, wa zai san ka yi shi?

2. Shirya kunne
Fito da jerin lambobin, ka buɗe ƙofa, ka kashe fanka.

3. Rufe ɗaya, ka saurara
In ka ji salati daga ɗakin oga Lawwali, wannan tasa ce. In abokiyar aikinka Destiny ta kira sunan Yesu, ka gano tata. Mu masana, da haka muke sanin wanda ya zo aiki.

4. Kada ka tausaya wa lambar da ta daɗe
Akwai wadda take buɗe tun bakwai na safe. Ta Asama'u ce, tana shigar da sunayen manoman Dabai ɗari uku da za a ba taki yau, ba ta adana ko ɗaya ba tukuna. Su kuma suna zaune a gindin mangwaro suna jiran ta gama. Danna kawai. Ba za ka ji ihu ba, Asama'u ba ta ihu. Takun takalminta za ka ji.

5. Dake
Za ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Malam, wa ya taɓa mini aiki?" Ka ce sabis ne. Za ta leƙa allonka, ta ga saura lamba ɗaya. Barka da arziki, ita ce taka! Daga nan za ta fita ta gaya wa manoman yau babu taki, ta kuma nuna musu tagarka.

Sanarwa: Marubucin nan ba ruwansa da abin da mutanen Dabai za su yi maka. Mai ƙorafi ya same ni a tashar Wasagu, inda nake kabu-kabu tun ranar da na kai mataki na biyar.