Ni da Ranar Tsibiri

Ana jibi za mu tafi hutu wani ɗan tsibiri mai shiru, ni da matata Hajiya, sai 'yata Nafisa da ke karatu a Lyon ta aiko mana da man kare fata daga rana. Ta biyo da waya: "Papa, don Allah ka shafa, har a sanƙonka."

Na yi dariya har da tari. Na ce, "Ni haifaffen Tahoua? Na yi kiwo cikin rana ba takalmi. Wannan man na Turawa ne."

Na fitar da shi daga akwati, na sa yaji a gurbinsa. Na manta shekara ashirin na yi a sito a Aubervilliers kusa da Paris, kullum cikin rigar sanyi.

Washegarin isarmu na tuɓe riga da hula, na miƙe a bakin teku tun hantsi har azahar. Iska mai sanyi ta ruɗe ni, ban ji komai ba, ashe rana ta ƙona mini baya da sanƙo.

Kwana huɗun da suka rage a ɗaki na yi su, rub da ciki. Tsibirin ko kantin magani babu. Hajiya na yi mini fifita tana cewa, "Sannu, ɗan Tahoua."

Na dawo Paris kaina na saɓa kamar maciji, hula ba ta zaunuwa. Shekara biyu ke nan, amma ko tsakiyar hunturu na shigo sito, sai maƙwabcina Alhaji Sani ya buɗe laima a kaina: "A ba Bature hanya, kada ya narke."