Gwanin Golf na Cikin Sito

Ba zan taɓa mantawa da Asabar ɗin nan ba, kuma ko na so mantawa abokan aiki ba za su bar ni ba.

Ni ke kula da sito a wani kamfanin katifa a Sharaɗa. Maigidanmu Alhaji mayen golf ne, wasan nan da ake buga ƙaramar ƙwallo da sanda, kuma na lura duk mai binsa fili ranar Asabar shi ake tunawa idan an tashi ƙarin girma. To ni ma ai ba na ƙin ci gaba. Na samo sanda ɗaya a gwanjo, na ƙudura sai na iya kafin kowa ya gan ni ina koyo. (Ni fa a rayuwata na tsani a ga kuskurena.)

Sai dabara ta zo mini. Da an tashi cin abinci in shige sito, in jingina katifun da suka samu matsala a bango, in dinga zabga musu ƙwallo. Kai, abin gwanin daɗi! Duk wadda na buga, tim, ta daki katifa ta faɗo gabana. Ba wadda ta taɓa karkacewa, don ba ta samun sararin karkacewar. Wata da watanni ina haka, har na fara tausayin masu cewa wasan yana da wuya.

Bakina ne ya ja mini. Na ce wa Alhaji, "Ranka ya daɗe, ai mu ma muna ɗan taɓawa." Ya yi murna sosai, don akwai amininsa Mista Bitrus, ɗan Jos mai kamfanin roba a Challawa, da ya daɗe yana lallasa shi. Nan take ya ce ranar Asabar ni ne abokin wasansa.

Na iso filin da ke wajen Bompai cikin farar hula da sabon takalmi. Alhaji ya dafa kafaɗata ya ce, "Bitrus, yau ka shiga uku, na zo da gwani."

Na gyara tsayuwa, na ɗaga sanda, na zabga da dukkan ƙarfina. Na tsaya ina jiran in ji tim ɗin da na saba. Ina! Ƙwallo ta tashi, ta yi kwana dama kamar ɗan adaidaita ya hango fasinja, ta tsallake bishiyoyi ta nufi inda ake ajiye motoci. Sai muka ji tas! Wata mota ta kama ihu. Alhaji ya laluba aljihu a hankali, ya danna makullinsa, ihun ya tsaya.

"Malam," in ji shi, "a ina ka koya?"

"A sito, ranka ya daɗe. Jikin katifa."

Mista Bitrus ya zube a ciyawa yana riƙe da ciki. Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige.

Alhaji ya dube ni ya ce, "To, yau dai ka ga inda take zuwa. Yau ka fara koyo."

Ƙarin girman kam wani aka ba, kuma ya yi mini ciwo. Amma yanzu duk Asabar ina fili, ina ɓarin ƙwallo a gaban kowa, ina gyarawa kaɗan-kaɗan. Na gane mai son iya wasan nan sai ya jure kallon ƙwallo tana shiga jeji shekara da shekaru, jama'a na dariya.

Alhaji bai daina gayyatata ba. Sai dai da ya ga na zaro sanda, sai ya ce wa direba ya matsar da mota.