Yadda Za Ka Bar Makaranta Idan Gari Ya San Kunnuwanka

Kai ɗalibin ajin ƙarshe da karatu ya gundura, matso kusa. Ni ban yi nisa a boko ba, amma na ga yadda ake barin sakandare da idona, a cikin ɗakina. Bi matakan nan, na yi maka alkawarin za ka fita tsaf, ko mai gadi ba zai ce maka sannu ba.

1. Zaɓi uba da kyau

Nan ɗana ya fara kuskure. Babansa, Allah ya jiƙansa, mai zanen barkwanci ne a jarida. Duk sanda aka ce yara kaza cikin ɗari sun bar makaranta, sai edita ya ce a zana. Shi kuwa marigayi bai iya zana fuskar yaro ba. Ministoci yana yi musu tumbi da hanci har ka riƙe ciki, amma fuskar yaro sai ta fito kamar dankali. Don haka ta ƙeya yake zana yaron: ga shi yana fita ƙofar makaranta, jaka na jan ƙasa.

Ƙeyar wa zai kalla? Ta wanda ke cin abinci ya ba shi baya. Ɗana kuwa Allah ya hore masa kunnuwa, tun yana goye ake ce masa Zomo. Haka kunnuwan suka shiga jarida, suka ƙi fita.

Idan ubanka direba ne, tsallake wannan mataki.

2. Samo dalili mai nauyi

Kada ka ce lissafi ne ya fi ƙarfinka. Jira a gama zaman makoki, ka hau kujerar babanka da ke gaban teburin zane, ka kumbura murya ka ce, "Umma, yanzu ni ne maigida."

Uwarka za ta ce, "To maigida, ɗauke ƙafarka, shara nake."

Kada ka karaya. Masu hikima sun ce namiji ba ya jin magana sai ta wanda bai haife shi ba. Ni na ƙirƙiro wannan, amma gaskiya ce.

3. Ɓoye shaida

Sa hular babanka. Ta yi maka yawa, za ta sauko har gira, amma kunnuwa za su tokare ta su fito gefe kamar hannayen tukunya. Fita da sassafe cikin kayan gida, ka ba makaranta baya.

4. Nemi sana'a

Fara da garejin kawunka. Zomo ya je, ya durƙusa ya gaishe shi. Kawu na ƙarƙashin mota, ƙafafunsa kawai ake gani.

"Kawu, aiki na zo koya."

"Juya in gani."

Ya juya. Yaran gareji suka kwashe da dariya. Ɗaya ya ce, "Wallahi shi ne! Na jaridar! Ina jakar taka, ɗan kashi kaza cikin ɗari?"

Kawu ya ce, "Ɗana, in na ɗauke ka, gobe a ce ni ne mutumin da ke jiran yaron a bakin ƙofa. Ka san yadda babanka ke zana wannan mutumin? Da haƙoran kura. Tashi."

5. Kauce wa shagon aski

Mai askin layinmu ya lilliƙa zanen marigayi a bango, daga madubi har ƙofa. Zomo ya shiga neman aikin share gashi, ya tsaya tsakanin madubai biyu, sai ga ƙeyarsa ta gaske a jere da ƙeyoyinsa na takarda. Wani tsoho da ake yi wa gyaran gemu ya ɗago ya ce, "Ikon Allah! Ashe mutumin nan ba zane yake ba, duba yake yi!"

Kafin azahar magana ta zagaye layi. Gwaggonsa ta zo har gida tana tambayata ko marigayi ya taɓa zana ta a cikin mota.

6. Dawo gida ka ɗora wa mamaci laifi

Wannan shi ne mataki mafi sauƙi, tunda ba zai rama ba. Zomo ya shigo, ya yi jifa da hula, ya ciro zanen da ke jikin ƙofar kabad.

"Umma, me na yi masa? Kullum fita, kullum fita! Ko sau ɗaya bai zana ni ina shiga ba."

Na ce, "Fuskarka ce ta gagare shi, ba wani abu ba."

Ina tsintar shinkafa, shi yana kallon takardar. Can ya ce, "Umma, in ina fita, kuma ƙeyata yake gani, shi a ina yake tsaye?"

Na karɓa na duba. Shekara da shekaru zanen nan na gabana ban taɓa lura ba. Ga bayan ƙofar, ga sakata ta ciki, ga titi can waje.

Na ce, "A cikin makarantar."

"Me yake yi a ciki?"

"Ina na sani? Ka san babanka da jira. Ko kasuwa na shiga, inda na bar shi nan nake tarar da shi."

Na koma kan shinkafata, ta ɗan jiƙe. Zomo ya ɗauki hular ya kakkaɓe ta.

7. Kada ka tambayi inda mai zane yake tsaye

Wannan ya kamata in sa a farko, na manta. Washegari Zomo ya nemi farar rigarsa ta makaranta, ya ce wa ya ɓoye masa takalmi, ya fita yana mita. Jakar tana kafaɗa. Na leƙa ta taga ina kallon kunnuwan har suka sha kwana.

Gargaɗi: in ka bi matakan nan ka wayi gari a aji, malamin lissafi na tambayarka ina ka shiga, babu ruwana. Ban haife ka ba, ban zana ka ba. Mai ƙorafi ya kai wa mai zanen. Ni ma kullum ina kai masa nawa, har yau bai amsa ba.