Yadda Za Ka Mayar da Ƙunar Dutsen Guga Ado Kafin Matarka Ta Dawo

Idan kana karanta wannan da rigar matarka a hannu, kuma a tsakiyar bayan rigar akwai hoton dutsen guga raɗau, to zauna ka sha ruwa. Ka zo inda ya dace. Hanyar da zan koya maka tana aiki ɗari bisa ɗari. An gwada ta a kan mutum ɗaya, kuma har yau yana raye, yana kuma kwana a gidansa.

Mutumin maƙwabcina ne, malamin sakandare mai koyar da labarin ƙasa, wanda unguwa ke kira Malam Taswira. Matarsa nas ce, kowa Sista yake ce mata. Tun makon farko na aurensu ya shaida mata cewa jikinsa yana jan lantarki: da ya taɓa dutsen guga sai ya ji zirr har cikin haƙora. Shekara ashirin da shida ke nan Sista tana dawowa daga asibiti a gajiye ta goge masa kaya, shi kuma yana tsaye a bakin ƙofa yana yi mata sannu. Alhali duk layinmu babu wanda ya kai shi iya fitar da karin wando. Sai dai ba ya yi sai ta yi tafiya.

Ranar Laraba ta tafi gidan yayarta, za ta dawo Juma'a. Ranar Asabar abokan aikinta za su yi mata liyafar ritaya, rigar da za ta sa kuma tana shimfiɗe a kan teburin guga: yadi mai ruwan madara da marigayiya mahaifiyarta ta bar mata. Malam ya ture rigar gefe, ya jona dutse, ya hau wandonsa yana fito. Waya ta yi ƙara. Ya aje dutsen inda hannunsa ya kai. Sauran ka sani, tunda kai ma ka yi.

Ka lura, abu biyu ne a kan wuta. Na farko rigar. Na biyu kuma, wanda ya fi ta nauyi, shekara ashirin da shida na zirr.

Mataki na 1: Kada ka wanke

Zuciyarka za ta ce sabulu. Kada ka saurare ta. Ƙuna ba datti ba ce, tarihi ce. Malam ya gwada sabulu, ya gwada lemon tsami, ya gwada man goge baki. Abin da ya samu shi ne ƙuna mai tsabta da ƙamshin na'ana'a.

Mataki na 2: Nemi masani, amma ka ce ba kai ba ne

Naɗe rigar a baƙar leda ka tafi wurin tela, ba wanda ya ɗinka ta ba. Malam ya zaɓi wani dattijo a can ƙarshen kasuwa, wanda tabaronsa ke zaune a ƙarshen hanci.

"Wani abokina ne ya shiga matsala," in ji Malam.

Tela ya ɗaga rigar ya duba ta a haske. "Abokin nan naka, yaushe matarka za ta dawo?"

"Jibi."

"To faci ba zai yiwu ba, babu irin wannan yadin yanzu. Surfani kuma sai mako biyu. Yallaɓai, shawara biyu ce: ko ka faɗi gaskiya, ko ka yi tafiya."

"Babu ta uku?"

"Tabo ɗaya dai ɓarna ce," in ji tela yana mayar da rigar cikin leda. "Da arba'in ne, da sai mu ce haka kamfani ya bugo shi."

Tela da wasa ya faɗa. Kai kada ka ɗauka da wasa. Yawancin manyan abubuwan da ɗan'adam ya ƙirƙira sun samo asali ne daga wanda bai gane ana zolayarsa ba.

Mataki na 3: Yanka sitensil

Sitensil shi ne abin da masu buga zane a riguna suke amfani da shi: faifai mai ɗan kauri, an yanke siffa a tsakiyarsa, ka ɗora a kan yadi ka dangwala fenti da soso. Kwali yana jiƙewa. Abin da ya fi dacewa shi ne tsohon hoton ƙashi na asibiti, domin roba ne, ba ya shan ruwa. Gidan nas kuwa ba ya rasa shi. Malam ya ɗauko hoton ƙirjinsa, wanda aka ɗauka shekarar da ya yi tari, ya ɗora dutsen guga a kan huhunsa na hagu, ya zagaye shi da biro, ya bi layin da reza. Kada ka manta da ƙananan hudojin ƙasan dutsen. Ƙusa ta isa.

Sai fenti. Kana buƙatar launin ƙuna: ba baƙi ba, ba ja ba, irin launin burodin da aka manta da shi. Idan mai fenti ya tambaye ka sunan launin, ka ce "kaka". Babu wanda ya san launin kaka, kuma babu mai son a gane bai sani ba.

Mataki na 4: Yawaita laifin

Shimfiɗa rigar a ƙasa, ka sa jarida a ciki. Fara daga gefen ƙunar ta asali ka bazu. Malam, da yake mutumin taswira ne, ya yi amfani da rula, ya ja layuka da alli, kowane dutse yana fuskantar arewa maso gabas. Ya buga arba'in, da na asali arba'in da ɗaya.

A na goma hannunka zai saba. A na ashirin za ka fara ja da baya kana karkata kai. Wannan alama ce mai haɗari, amma babu yadda za a yi, baiwa ce ta motsa.

Mataki na 5: Bi gidan gaba ɗaya

Riga ɗaya mai zane abin tuhuma ce. Me ya sa ita kaɗai? Dole ne ta zama ɗaya daga cikin ayyukan mutumin da fasaha ta kama bagatatan, kamar zazzaɓi.

Saboda haka ka buga labulen falo. Ka buga matasan kujera, zanin gado, tawul, da murfin injin ɗinki. Ka buga rigarka ta zuwa aiki, gaba da baya, domin a ga kai ma ka sha daga abin da ka dama. Malam bai tsaya nan ba. Ya fente tsohuwar tayar mota ya ɗora mata faranti ta zama tebur. Ya cusa fitila a cikin kwalbar maganin tari. Ya jera murafun tukwane a bango daga babba zuwa ƙarami ya ce duniyoyi ne. Kyanwar gidan ta hau kan rigarsa kafin ta bushe, ita ma ta shiga cikin tsarin ta ɓangaren ciki.

Da yammacin Alhamis na leƙa aron tsani. Na tsaya a ƙofar falo na daɗe. Ko'ina ka duba dutsen guga ne, ɗaruruwa, duk sun nufi arewa maso gabas kamar masu ƙaura.

"Me ka gani?" ya tambaye ni.

"Dutsen guga."

"Sake dubawa."

"Dutsen guga da yawa."

"Ganye ne," in ji shi, ya miƙo mini tsanin ba tare da ya kalle ni ba.

Mataki na 6: Ɓoye makamin a bainar jama'a

Har yanzu akwai zaren rigar manne a ƙasan dutsen. Kada ka jefar da shi, za a nema. Mayar da shi kayan ado. Yanke wayar, ka shafe shi da fenti ruwan zinare, ka tsayar da shi a kan kanta ya tokare littattafai. Idan an tambaya, ka ce ka yi ne don kare lafiyarka: ko wucewa ka yi ta kusa da shi kana jin zirr.

Mataki na 7: Riga ta magana

Ranar Juma'a Sista ta dawo tare da Yaya, wadda ta zo don liyafar. Malam ya tarbe su a ƙofa cikin rigarsa mai zane. Doka a nan ita ce kada ka bar shiru ya kai daƙiƙa uku. Shiru ne yake ba mutum damar tunani.

"Sannunku da hanya! Yaya, ku shigo ku ga abin da kaɗaici ya sa ƙaninku."

Yaya ta aje jaka ta dafe ƙirji. "Ikon Allah! Kifi ne?"

"Ganye."

"Wallahi kamar kifi. Ke, ashe mijin naki yana da hannu haka kika ɓoye mana? Nawa ko ƙusa ya buga sai an kira kafinta ya gyara bangon."

Sista ta tsaya a tsakiyar falo. Ta kalli labule. Ta kalli kyanwa. Ta kalli abin zinaren da ke tokare da littattafai, ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta shiga ɗaki, inda rigarta ke rataye. Malam ya biyo ta yana bayani a kan ganye da ma'anarsa: shekarun aiki, kowanne ya faɗo a lokacinsa.

Ta juya rigar ciki waje. Ta bi ta da yatsa a hankali, kamar tana neman jijiya a hannun jariri. A tsakiyar baya yatsan ya tsaya.

"Baban yara."

"Na'am."

"An gode," ta ce, ta mayar da rigar ta rataye.

Idan ka ji wannan kalmar, ka yi nasara. Ka ci abincinka. Kada ka damu da wayar da ta fita tsakar gida ta yi da murya ƙasa-ƙasa. Mata suna da harkokinsu.

Mataki na 8: Zauna a layin gaba

Ranar Asabar Sista ta sa rigar. Zauren taron asibitin ya cika, kuma kafin a buɗe taro nas uku sun tambaye ta inda ta sayi yadin. Babban likita ya ce jirgin ruwa ne, aka bar shi a haka saboda babban likita ne. Malam yana zaune kusa da Yaya, wuyansa ya ƙara tsawo.

Da aka gama jawabai aka miƙa mata kyautar abokan aiki, akwati naɗe da takarda mai ƙyalli. Ta karɓi abin magana.

"Na gode muku. Shekara talatin da ɗaya na yi a asibitin nan, sha tara daga ciki a ɗakin masu ƙuna. Rigar nan yadin mahaifiyata ne, kuma maigidana ne ya ƙawata ta da hannunsa. Ganye arba'in ya zana." Aka yi tafi. "Na arba'in da ɗayan kuwa, ku da kuka yi aiki da ni kun san ko an shafa wa ƙuna fenti ina gane ta, har in faɗi minti nawa ta yi."

Nas-nas suka fara kallon bayan rigar. Yaya ta ce, "Au! Ashe ba kifi ba ne!"

"Jiya na so in yi kuka," in ji Sista. "Sai na tuna Inna ba ta taɓa barin yadi ya tafi a banza ba, ko ƙyalle ne sai ta ci moriyarsa. Wannan ma ya yi aikinsa. Ku taya ni murna, Allah ya ba maigidana lafiya. Shekara ashirin da shida lantarki yana jan sa, sai dai in na yi tafiya in dawo in tarar da karin wandonsa kamar wuƙa. Ban taɓa samun shaida ba sai yanzu, ga ta kuma na sa a jikina. Shi ya sa na kira ku jiya na ce ku canza kyautar. Baban yara, taso ka buɗe. Yau ritaya biyu nake yi."

Mataki na 9: Buɗe akwatin

Ka taso. Ka yi murmushi, ana ɗaukar hoto. Sabon dutsen guga ne mai fitar da tururi, wayarsa doguwa, kuma an naɗe mariƙinsa da filastar asibiti har ninki uku, saboda masu jin zirr.

Yanzu kowace safiyar Lahadi ina jiyo shi ta katanga. Ya daina fito. Sista tana tsayawa a bakin ƙofa da kofin shayinta tana yi masa sannu. Yaya ma tana aiko nata kayan, da saƙon cewa ban da kifi.

Sanarwa

Marubucin ya yi alkawarin tabon zai zama ado, kuma ya zama. Bai yi alkawarin komai game da ranakun Lahadinka ba. Babu ruwansa da labule, kyanwa, ko likitan da zai nemi tsohon hoton ƙirjinka ya tarar da dutsen guga a huhun hagu. Wanda matarsa nas ce, ko tela, ko mai wanki, ko kuma mai idanu biyu, ya bi wannan hanya a kan ra'ayin kansa. Duk mai ƙorafi ya same ni a gida, amma ban da ranar Asabar da safe, domin matata ta halarci liyafar nan, kuma ta dawo da tambayoyi a kan ciwon bayan da ke hana ni shara.