Ranar da Jami'a Ta Sa Na Faɗi Sunan Ɗiyar Fari

Jama'a, ranar Alhamis ɗin nan na ci mutuncin kaina a tsakiyar tashar Bagudo, da rana tsaka, kuma da bakina. Ku matso ku ji.

Ɗiyata ta fari tana shekarar ƙarshe a wata jami'a. Ba zan faɗi sunan jami'ar ba. Ni dai a ƙin faɗin suna na ƙware, don shekara ashirin da biyu ke nan ban taɓa kiran yarinyar nan da sunanta ba. Haka muka gada, ɗan fari ba a kama sunansa. In ina son ruwa sai in ce “ke waccan”. Uwarta Mero kuwa Bafillatana ce ta gidi, ko kallonta ba ta yi in da baƙi.

To, ta zo hutu, kuma ranar Alhamis da ƙarfe huɗu za a rufe rajista. Wanda bai yi ba, shekara ta wuce shi, sai baɗi. Ta ɗauko waya ta shiga shafin makaranta, sai ga jan rubutu: an kulle asusunki, don an ga wani ɗan kutse yana ƙoƙarin shiga daga ƙasar waje.

Wane ɗan kutse? Ita ce, zaune bisa turmin uwarta! Ƙauyenmu dab yake da iyaka, sabis ɗin Najeriya sai ya ga dama yake leƙo mu, na Jamhuriyar Benin kuwa har cikin ɗaki yake kwana. Waya ta kama wanda ta samu, shi ke nan ɗiyata ta zama ɓarauniyar ƙasa da ƙasa.

A nan dole in jinjina wa Mai Girma Sarkin Kwamfutocin Jami'a, Magajin Lambar Sirri, Garkuwan Wayoyi. Ranka ya daɗe, mun ji labarin yadda aka kafa rumfa aka yanka kintinkiri ranar ƙaddamar da sabon tsarin tsaro, bayan kwamiti ya yi mako biyu yana bita a otal. Aiki ya yi kyau. Da can ɓarayi ne kawai ba su iya shiga, yanzu har masu gidan ma ba su iyawa. Wa ya ce gyaran gangar Auzinawa ne? Ba ni ba.

Aka ce mafita ɗaya ce: a kira ofishin daga lambar uban ɗaliba, kuma da sabis ɗin gida. Maƙwabcina Audi mai kabu-kabu ya sha man kwalba, ya kwashe mu mu biyu sai Bagudo. Muka isa uku saura, muka tsaya bakin tasha inda sabis ya fi ƙarfi, wato daidai inda jama'a suka fi yawa. Wayar tawa kuma kunnenta ya mutu tun bara, sai an saki murya kowa ya ji.

Wani saurayin ma'aikaci ya ɗauka. Ya ce, “Baba, don tsaro, faɗi cikakken sunan ɗalibar.”

Na ce, “Babbar ce.”

“Sunanta fa?”

“Yayar su Batulu. Doguwa haka, mai ɗan gilashi.”

“Baba, ba a neman doguwa a kwamfuta. Suna nake so.”

Audi ya miƙo baki zai taimaka, saurayin ya ce a'a, muryar uba ake naɗa, in wani ya faɗa to kutse ne, a ƙara kullewa. Na ce to in ba shi ranar haihuwarta, sunan kakarta, har da tabon da ke ƙafarta. Ya ce duk ɗan kutse na iya sanin waɗannan. Ikon Allah! Wai ɗan kutse ya san tabon ƙafar ɗiyata, amma sunanta da ke rubuce a kan kowace takarda shi ne sirrin.

Kafin ka ce kwabo, masu kifi sun bar kifinsu, mai shayi ya bar tukunya. Har wani tsohon Bafillace, ƙanen surukina, ya dogara sanda yana kallona, ya ga ko ɗiyarsu ta auri mai kunya.

Audi ya raɗa mani, “Malam Mudassiru, ko a shari'a larura tana da hukuncinta. Ka hwaɗi, mu tahi.”

Na ce, “Kai da ba ɗiyarka ba, mi za ka rasa?”

Na duba agogo, huɗu saura kwata. Na dubi yarinyar. Ta sunkuyar da kai, hawaye na ɗiga kan gilashin. Ba za ta taɓa roƙona in faɗa ba, don ita ma ta san gidan da ta fito. Wallahi nan zuciyata ta karye. Abin da ya koro ɓera ya faɗa wuta, ya fi wutar zafi. Na runtse ido, na ce a hankali.

Saurayin ya ce, “Ban ji ba, Baba, akwai hayaniya.”

Na buɗe maƙogwaro: “MUNAWWARA! Munawwara Mudassiru!”

Tasha kaf ta ji. Tsohon nan ya ce “subhanallahi”, ya juya da sandarsa. Saurayin ya ce madalla, an buɗe. Yarinya ta danna waya, sai ga sabon rubutu, wannan karon kore: an rufe shafi don ƙara inganta shi, an ɗage rajista zuwa mako biyu, kuma bayan gyara kowa zai sake tantancewa.

Ashe tun safe aka yanke haka. Sun aika sanarwa, in ji saurayin, a cikin asusun da suka kulle.

Kafin mu koma gida labari ya riga mu. Mero ta ajiye mani tuwo ba ta kalle ni ba, ta ce, “An ce yau ka yi shela.” Na jawo kwanon na hau ci.

Amma a hanya, bisa babur, yarinyar ta ɗan taɓa kafaɗata. Ta ce, “Baba, ashe haka yake a bakinka.” Na ce ta yi mani shiru, iska ce ta shiga idona. Can kuma ta ce, “Allah ya sa su riƙa gyaran nan kowane wata.”

Audi ya ce amin. Ni ban ce ba, amma ban hana ba.

To, ranka ya daɗe Sarkin Kwamfutoci, nan da mako biyu zan sake hawa babur in je in yi maka shela. Sunan jami'arka dai har yanzu ban faɗa ba. Ka ga ni na iya tsaron bayanai, kuma ko otal ban je bita ba.