Ranar da Na Je Koya wa Mahauta Fiɗa

Ko zan manta da komai na samartakata, ba zan taɓa mantawa da safiyata ta farko a mayankar Yerwa ba. Lokacin ana cikin yaƙin Turawa na biyu, fata ta yi daraja, sai hukuma ta haɗa kai da mahautan gari don a horar da samari su zama malaman fata, masu koya wa mahauta gyaran fata. Ka yi karatu a aji, daga nan a miƙa ka ga mahauci na wata uku. Sai ya ce ka iya sannan a ba ka aiki. In ya girgiza kai, to ka kama gabanka.

Ni na zo na ɗaya a aji, kaina ya kumbura. Ga shi mu jikokin makiyaya ne, mahaifina dillalin shanu ne a unguwar Mafoni, gani nake ba mai gaya mini komai game da dabba. (Abin da na ɓoye shi ne, a gidanmu ana kiwo, ana sayarwa, amma ba a fiɗa. Ko kaza ban taɓa figewa ba.)

Aka tura ni wurin Baba Modu, tsohon da ya fara fiɗa tun kafin a haife ni. Na isa cikin farar riga, littafi a hammata, sabuwar wuƙa a hannu. Maimakon in gaida mutane in nemi wuri in zauna, sai na buɗe baki.

“Baba, wannan fiɗar taku ɓarna ce. Kuma a inuwa ake shanya fata, ba a ƙasa cikin rana ba. Haka littafi ya ce.”

Ya dube ni sama da ƙasa. “Madalla, Allah ya kawo mana malam. Ku ba shi akuyar nan ya nuna mana.”

Mahauta suka ajiye aiki suka kewaye ni. Na durƙusa, na yi bisimilla da ƙarfi don kowa ya ji. Yankan farko na huda fatar. Na biyu ma haka. Kafin in kai ciki ta koma rariya, ni kuwa gumi har cikin ido. Don in nuna ban tsorata ba sai na ƙara wa wuƙar ƙarfi, ta zarce cikin tumbi. Abin da ke ciki ya yi tsalle ya wanke ni tun daga hula har ƙirji.

Can wani mahauci ya ce, “Malam, wannan a shafi na nawa yake?”

Dariya ta ɓarke. Wallahi na so ƙasa ta tsage in shige. Na ce shi ke nan, aiki ya tafi, ga mahaifina ya riga ya shaida wa duk unguwa ɗansa ya zama ma'aikaci.

Baba Modu kaɗai bai yi dariya ba. Ya miƙo mini ruwa da wata tsohuwar taguwa. “Ajiye wuƙar, ɗana. Fatar akuya da dunƙulallen hannu ake raba ta da nama. Kawo hannunka.”

Haka na yi wata uku ina dunƙule hannu, bakina a rufe. Sai da na fara iyawa ya ce in nuna masa shanyar inuwar nan. Muka kafa rumfa tare, fatunsa suka daina tsagewa, na ji daɗi ƙwarai.

Ranar da babban malaminmu ya zo jin shaida, na tsaya gefe ina jira. Baba Modu ya ce, “Ku ba shi aiki. Da bakinsa ne ya iya, yanzu hannu ya kamo baki.”

Na shekara talatin ina malamin fata. Duk kasuwar da aka tura ni koyarwa, sai na fara roƙon dattijon wurin ya nuna mini yadda yake yi. Mutane suna yaba ladabina. Ni dai na san warin tumbi nake gudu.